Mai Albashi da Hadarin Kaka

A gidanmu ni ne mai duba sama, kuma ba wanda ya naɗa ni. Abin ya samo asali ne tun da na samu aikin koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Dutse, na sayi babbar waya. Gonakin gado suna ƙauyenmu ta wajen Kiyawa, a hannun yayana. Ni kuwa rabona da fartanya tun ina ɗalibi, sai dai in an yi girbi a aiko min da buhun gero da ɗan wake. Amma da zarar Satumba ta raba, wayata ba ta hutawa. "Malam, me na'urar taku ta ce? In yanke riɗin nan ko in dakata?" Haka Yaya yake tambaya, da 'yar zolaya a muryarsa, amma fa amsa yake jira da gaske.

Abin da ban cika faɗa ba shi ne ina jin daɗin tambayar. Ƙani ne ni, ba a neman shawarata a kan aure ko rabon gona, sai ga fage guda da babban wa yake kasa kunne ya saurare ni. Na daɗe ina cin wannan girma a ɓagas, domin na ƙware a amsar da ba ta kama mutum: "Akwai alamar hadari, amma Allah ne masani." In ruwa ya sauka, ai na faɗa. In bai sauka ba, ai na ce Allah ne masani. Maganar gaskiya ce, babu mai musa ta, sai dai ni ba don tauhidi nake jingina da ita ba. Kaina nake karewa.

Wanda bai yi noma ba yana zaton farkon damina ne kaɗai ke hana manomi barci. A wajenmu, makonnin da ke tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Oktoba sun fi ɗaure kai, domin a lokacin gona ɗaya tana roƙon abu biyu masu karo da juna. Gero ya nuna an kwantar da shi, gyaɗa ta isa cira, riɗi ya fara rawaya, duk rana suke so. Dawa kuwa tana fitar da kai, wake yana fure, su ruwa ɗaya ko biyu suke jira su ƙarasa. Mutum ɗaya zai yi addu'ar ruwa bayan asuba, da la'asar ya hango gabas ta yi baƙi gabansa ya faɗi.

Riɗi ya fi komai tsoron wannan lokaci. Ana yanke shi tun bakin kwansonsa bai buɗe ba, a ɗaɗɗaure, a tsayar da dammunan suna jingine da juna kawunansu a sama, a bar su kamar mako biyu su sha rana, sannan a kifa su a kan tamfol a kakkaɓe. In ruwa ya same shi a tsaye bayan kwanso ya tsage, ciki yake shiga. Ƙwayar da ya kamata ta fito fara tas sai ta yi duhu, wata ta yi funfuna. In kuwa iskar da ke gaban hadari ta kayar da dammunan, ƙwayar ta bi rairayi ke nan, ba mai tsince ta sai kurciya. Ranar kasuwar Shuwarin dillali zai zura hannu can cikin buhu, ya ɗebo, ya baza a tafinsa, ya shinshina, ya karya kuɗin ba tare da ya ɗaga kai ba, don masu saye su fitar waje fari suke nema. Harawa ma haka: ruwa ɗaya ya doke ta a shanya ta yi baƙi, mai kiwon rago ko kallonta ba zai yi ba.

Dalilin wannan rikici a aji nake koyar da shi, alli a hannu. Iska biyu ke rabon sararin Afirka ta Yamma: mai danshi da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa sannu a hankali tun farkon shekara, har a watan Agusta ya kai wajen digiri 20, can gaba da Agadas. Dutse ba ta cika digiri 12 ba, ruwa kuma yana zuba ne ɗaruruwan kilomita kudu da layin, shi ya sa Agusta ce markarmu. Komawar layin kudu ta fi hawansa sauri, amma ba a miƙe yake tafiya ba. Yau ya wuce mu, leɓe ya bushe, sama ta yi fayau, jibi ya dawo da danshi, hadari ya haɗu. Ga raɓa da ɗan sanyi da asuba, ga zafin agazari da tsakar rana mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Yara kuwa mura da zazzaɓi, don sauro bai tafi ba tukuna.

A tashoshin talabijin na waje, idan kaka ta shiga Turai, za ka ga mai bayani yana nuna wani shuɗin layi mai haƙora yana ratsa taswira. Iska mai sanyi ce ke kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi tana ɗaga ta, ruwa ya biyo baya a faɗin ɗaruruwan kilomita, zafi ya faɗi cikin yini guda. Abu ne babba mai tafiya a tsare, ana hango shi tun saura kwanaki, har a ce wa mutanen Ingila su fito da laima ranar Alhamis. Namu ba bambancin sanyi da zafi ne ke tayar da shi ba, bambancin danshi ne da zafin ƙasa. Cikin 'yan awanni yake haɗuwa, ya taso daga gabas, ya jiƙa Jahun ya tsallake Kiyawa. A cikin Dutse ma na sha ganin kwatocin Takur sun cika, a Garu ko ɗigo. Saboda haka in wayata ta rubuta kashi 40 cikin 100, lissafin wata kwamfuta ce a wata ƙasa mai nisa, a kan yankin da tashoshin awon ruwansa ba su da yawa. Ba ƙarya take yi ba, amma ba ta san gonar Yaya ba.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, ta fi kusa da mu. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, tsawon daminar, da inda ake fargabar fari a tsakiya, har ana fassara shi da Hausa. Tana kuma fitar da na kwana uku-uku, wanda gidajen rediyo kan karanta. Na farkon amfaninsa tun a watan Yuni ne, sa'ad da ake zaɓen iri, don wanda ya ji ruwa zai ɗauke da wuri ya kamata ya nemi wake ɗan gaggawa. Na biyun shi ne abokin mai yankan riɗi, ko da yake shi ma jihohi yake ambata, ba ƙauyuka ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, nasa lissafin daban. Limamin ƙauyenmu yake tambaya wane tauraro ake ciki, cikin taurari 28 da malamai ke ƙirga shekarar noma da su, kusan kowanne kwana 13, bakwai ga kowane yanayi. In aka ce Sarfa ta kama, ya san an shiga na kaka, sai Iwa, sai Simak, sai Gufuru. Yana duba ko shamuwa ta bar sheƙarta, ko gawon bakin gona ya fara toho, tunda shi sai ruwa ya yi bankwana yake fitar da ganye. Yana shafa ciyawa da sassafe ya ga nauyin raɓa. Ban taɓa raina wannan ilimi ba, kuma ba na cikin masu kambama shi don kawai na tsofaffi ne. Yana gaya maka damina ta juya baya. Ba ya gaya maka ko daren Laraba za a yi ruwa, kamar yadda tauraron ɗan'adam ma bai cika iya faɗa ba.

A 2022, da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Jahun da Kafin Hausa har zuwa Haɗeja, na ji 'yan boko irina a ɗakin malamai suna cewa ai an yi gargaɗi, mutanenmu ne ba sa ji. An yi gargaɗin kam, kuma da yawa sun ji shi a rediyo. Amma wanda gonarsa ɗaya ce, a fadama take, ina zai ɗauke ta ya kai? Na gyaɗa wa 'yan bokon kai a lokacin, ban ga cewa maganar ta shafe ni ba, sai da wata kaka ta zo na yi ƙarfin hali na ba Yaya amsa a fili. Sanarwa ta nuna hadari zai ratsa Jigawa da Kano da Bauchi, iska ta juyo daga kudu, jiki yana ta gumi. Na kira shi na ce, "Yaya, a kwashe riɗin nan a rufe, ruwa na tafe."

Ya yi shiru, sannan ya yi 'yar dariya.

"To, Malam, na ji. Da me zan rufe? Tamfol ɗaya gare ni, gero na kansa. 'Yan ƙwadago kowa yana gonarsa, wanda ya samu sarari kuɗi hannu yake so, ni kuwa sai na sayar da riɗin zan ga kuɗi." Ya ɗan dakata. "Kai in ruwan ya zo, takalminka ne zai jiƙe."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, shi ya sa ta shige ni. Hadarin ya haɗu kuwa, ya yi ta walƙiya, ya bi ta kudu da mu ya sauke a wajen Birnin Kudu. Riɗinmu ya tsira, ba don wayata ba, ba kuma don an yi wani abu ba. Amma ni tun daga ranar na kasa komawa tsohon matsayina. Na ga cewa labarin sama, komai ingancinsa, ga wanda ba shi da abin rufi ƙarin fargaba ne kawai. Shekara da shekaru ina aika wa ɗan'uwana fargaba a waya, ina karɓar godiya da buhun gero.

Yanzu daga albashin Agusta nake ware kuɗin tamfol da na ƙwadagon kwana biyu, in aika tun ba a tambaya ba. Uwargida ta yi gunaguni a farko, don lokacin ne ake shirin komawa makaranta, kuma tana da gaskiyarta. Na kuma yi wa Yaya alkawari cewa in na ce a yanke ko a dakata, aka bi maganata aka yi asara, da ni za a raba. An taɓa rabawar, harawar gyaɗa ce ruwan dare ya lalata, na biya nawa kason ina ciza yatsa. Daɗin nan na a tambaye ni ya ragu ƙwarai. Kafin in buɗe baki sai na saurari rediyo, na duba hoton gajimare, na fita tsakar gida na ga inda hayaƙin murhun maƙwabta ya karkata, na kira wani abokina a Gwaram in ji ko gabas ta haɗa. Har yanzu ina cewa Allah ne masani, sai dai a ƙarshen magana take zuwa, bayan na faɗi abin da nake gani a yi.

Shuɗin layin nan na Turawa kuwa yana iso mu, amma ba da ruwa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iska mai sanyi ta tsallako Bahar Rum ta sauka a Libiya da Masar, nauyinta yana ingiza iskar arewa maso gabas. Ita kuma ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a arewacin Chadi, ta faɗa kwarin Bodele, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, ta kwaso farar ƙura. In ƙurar ta tashi a wajen Faya, kamar kwana ɗaya take yi ta rufe Kano da Dutse. Duwatsun Dutse su ɓace a hazo, jirage su kasa sauka, ma'auni ya faɗo ƙasa da digiri 15 kafin asuba. Masu alkama da tumatir a fadamun Ringim da Haɗeja murna suke yi da wannan sanyi, masu asma da tsofaffi kuwa ta kansu suke yi.

Hasashen wannan ƙura ya fi na ruwa tabbas, don abu ne mai faɗi da ake ganin tasowarsa, kuma abin da za a yi a kansa ba ya cin kuɗi sosai. In na ji sanarwar ƙura ba na bi ta kan Yaya, matarsa nake kira kai tsaye, tunda shanyar kuɓewa da zoɓo da barkono duk a hannunta suke, kuma shekarun nan duka ba wanda ya taɓa tunanin ita ma tana da abin da sama ke iya ɓatawa. In ce ta kwashe na kan rufi ta rufe, ta fito wa Inna da bargo da man kaɗanya, a hana ta alwalar asuba da ruwan randa. Inna ba ta jin wannan magana, ta ce ta ga hunturu tun rediyo bai shigo ƙauyen ba. Dabarar da muka samu ita ce a kawar da butarta tun da dare, a ajiye mata ruwan zafi a fulas a bakin ƙofa.