Haruffan Da Ba Sa Ɗaure Fuska

Akwai wani salon haruffa a kwamfuta da na daɗe ina kare shi a gaban abokaina masu aikin zane, wato Comic Sans. Kun san shi ko da ba ku riƙe sunan ba. Shi ne mai kama da rubutun ɗalibi mai kyan hannu: layukansa ba su miƙe sak ba, bakinsu a dunƙule, sai ka ce da maka aka ja su. Harafin "a" ɗinsa ma irin wanda muke yi a littafin rubutu ne, ba mai ƙugiyar nan a ka ba.

Wani ma'aikacin kamfanin Microsoft, Vincent Connare, shi ya zana shi a 1994. Ya ga gwajin wata manhaja mai suna Microsoft Bob, inda karen katun yake magana amma an rubuta kalamansa da Times New Roman, haruffan jarida da takardun ofis. Abin ya yi masa bambaraƙwai, kamar mutum ya shiga fili buga ƙwallo da babbar riga. Sai ya duba yadda ake rubuta zance a littattafan labarai masu zane, ya yi nasa.

Daga baya jama'a suka riƙa liƙa shi a komai, har wasu a Amurka suka fara fafutukar a daina amfani da shi. A watan Yuli na 2012, lokacin da cibiyar bincike ta CERN ta ba da sanarwar gano ƙwayar Higgs, masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti ta gabatar da sakamakonta da waɗannan haruffa, aka yi ta tsokana a intanet. Ni dai a ganina binciken bai ragu da komai ba.

Duk da haka ba ko'ina nake yarda da shi ba. Sanarwar kulob ɗin wasan kwaikwayo a allon makaranta, katin gayyatar walima, takardar koya wa ƙanne baƙaƙe, nan wurinsa ne, musamman a kanun rubutu manya. Amma takardar neman gurbin karatu ko tallafi, ko saƙon ta'aziyya, a'a. Mai karɓar takardarka yana ganin siffar haruffan tun kafin ya karanta jimla ɗaya, kuma ba zai kira ka ya ji dalilinka ba. Shafi biyar cike da shi ma gajiyar da ido yake yi.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin abin dubawa. Yawancin irin waɗannan haruffan ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbinsu. Kafin ka biya mai shagon buga takardu, ka ce ya rubuta "ƙarfe", "ɗaki" da "ɓera" ka gani da idonka. In sun fito a karkace, ka tambaye shi Andika, wanda ƙungiyar SIL ta yi domin masu koyon karatu. Kyauta ake sauke shi, yana da "a" irin ta hannu, kuma haruffanmu masu lanƙwasa duk suna ciki.