Kan Iyaka a Cikin Faifai

Ni mutumin Gurbin Bore ne, wani gari da ke ƙasar Zurmi a arewacin Jihar Zamfara, a kan hanyar da ta taso daga Kaura Namoda ta nufi Jibiya. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san abin da ake nufi da kan iyaka tun yana ƙarami, domin Jamhuriyar Nijar ba ta da nisa da mu, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a can. Amma iyakar da nake son in ba mai karatu labarinta a wannan ɗan rubutu ba ta ƙasa ba ce. A tsakar gidanmu na yi karo da ita, cikin faifan kallo wanda faɗinsa bai kai tafin hannun babban mutum ba.

A farkon watan Satumba na shekarar 2021 hukuma ta rufe layukan wayar salula a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Aka dakatar da kasuwannin mako, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Tun kafin nan ma hirar dare a ƙofar gida ta riga ta mutu a wajenmu: da an idar da sallar lisha kowa zai shige ya jawo ƙyaure. Wanda abin ya fi dama shi ne Baba. Tsohon direba ne da ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da auduga tsakanin Kaura da Kano, mutum mai son jama'a, ga shi gonarsa ta nesa ta gagari zuwa, idanunsa kuma ba sa ganin hoton waya. Sai ya zama yana wuni shiru, ya kwana shiru, har Inna ta fara tsoron kada zaman ya zame masa ciwo.

Ita ce ta tuna mini da wani kwali da ƙanen Baba mazaunin Jidda ya aiko ta hannun wani alhaji a aikin hajjin 2019. Fayafayai ne na asali, kowanne cikin gidansa na roba: akwai fim ɗin Umar Mukhtar, gwarzon Libiya da Turawan Italiya suka rataye a 1931, akwai kuma tsofaffin finafinan Indiya irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975, waɗanda Baba ya kalla a silima yana saurayi. Na kakkaɓe tsohuwar na'urarmu ta DVD, na haɗa ta da batirin sola da 'yar inbata, muka shimfiɗa tabarma. Na sa faifan farko, na'ura ta yi ɗan gurnani, sa'an nan wani rubutun Turanci ya fito wanda ma'anarsa ita ce shiyyar faifan ba ta dace ba. Na gwada na biyu da na uku, duk amsa ɗaya. Abin mamaki, da na ɗauko wani tsohon faifai na jabu irin wanda ake tallarsa a tasha, finafinai takwas cunkushe a guda, nan take ya kama.

Baba ya tambaye ni cikin harshenmu na Zamfara, ya ce, “Kai yaro, mi ta ce?” Na ce, “Baba, wai faifan ba na shiyyarmu ba ne.” Ya yi jim, sa'an nan ya ce, “To Makka da muka huskanta sau biyar kullum, ba shiyyarmu ba ta?” A ranar ban sami amsar da zan ba shi ba.

Washegari ya sa aka auna wake aka sayar a cikin gari, ya damƙa mini kuɗin ya ce in je Kaura in sayo wadda ta fi wannan. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauka tsufa ne ya hana tamu aiki, don haka sai na nemi babba mai nauyi, mai suna sananne. Wani mai shago ya nuna mini wata ta gwanjo da aka kawo daga Amurka, ya haɗa ta da ɗan taransifoma, ya sa faifansa, hoto ya fito tangaram. Na biya ba tare da na tafi da ko ɗaya daga fayafayanmu ba. Da na isa gida, rubutun nan dai shi ne ya sake fitowa. Na koma da ita, mai shago ya ce kaya sun riga sun fita, kuma ai a gabana ta yi aiki. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, domin faifan da ya gwada mini na jabu ne. Baba bai yi mini faɗa ba, shirun da ya yi kuwa ya fi faɗan ciwo.

Bayan kamar wata biyu na je Kano bin sawun takardun shiga jami'a, na saka fayafayai uku a jaka. A wajen Sabon Gari na sami wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, na kwashe labari na faɗa masa. Ya juya bayan gidan faifan ya nuna mini wani ɗan zanen duniya da lamba 2 a tsakiyarsa, ya ce, “Samari, ga ciwonka nan.” Abin da ya bayyana mini a ranar, da wanda na ƙara karantawa daga baya, shi ne zan taƙaita a nan.

An fara sayar da na'urar DVD a Japan a 1996, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ta shiga Amurka a 1997. Manyan kamfanonin fim ba su yarda su zuba finafinansu a wannan sabon faifai ba sai da aka yanka musu duniya shiyya-shiyya. Dalilinsu na ciniki ne: fim yakan fito a faifai a Amurka alhali bai ma shiga silima a wata ƙasa ba, ana sayar wa kowane dillali izinin ƙasarsa daban, kuma farashi ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta haɗa Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 ita ce kudu maso gabashin Asiya, ta 4 Latin Amurka da Ostareliya, ta 6 kuma Sin. Mu da Nijar da mafi yawan Afirka aka jefa mu ta 5, tare da Indiya da Pakistan da Rasha. Kowane faifai na asali yana ɗauke da alamar shiyyar da aka yarje masa, kowace na'ura mai kulle ita ma tana da lambarta. Idan lambobin suka saɓa, sai ta ƙi buɗewa. Ashe tamu ta 5 ce, ta gwanjon nan ta 1 ce, fayafayan Jidda kuwa na 2 ne. Babu wadda ta lalace a cikinsu, kowacce umarnin da aka ba ta take bi.

A nan ne na gane abin da ya ɗaure mini kai a daren farko. Masu buga jabu sukan cire kullen kafin su kwafa, shi ya sa nasu yake shiga ko'ina. Faifan VCD ma, wanda finafinan Hausa suka daɗe suna fitowa a cikinsa bayan zamanin kaset, ba shi da shiyya tun asali. Saboda haka mutanenmu suka shekara da shekaru suna kallo ba su san da wannan shinge ba. Wanda yake cin karo da shi shi ne mutumin da ya cire kuɗi ya sayi na halak. Ɗan kan iyaka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan: mai takarda ne yake tsayawa a layi, mai bin burtali ya daɗe da wucewa.

Dattijon ya ce in kula da abubuwa uku kafin in saki kuɗi. Na farko shi ne shiyya: kada in yarda da rubutun kwali ko rantsuwar mai shago, in sa faifan da ya gagara a gida in gani da idona. Akwai na'urorin da ake buɗe kullensu ta danna wasu lambobi a rimot, amma ba kowace ba. Na biyu shi ne tsarin hoto. Talabijin ɗinmu na Nijeriya suna bin tsarin PAL mai layi 625, Amurka da Japan kuwa NTSC mai layi 525, kuma da yawa daga fayafayan Indiya an buga su da NTSC saboda Indiyawa mazauna ƙetare. Idan na'ura ba ta iya juya wannan zuwa wancan ba, tsohuwar talabijin za ta nuna hoto baƙi da fari, ko ya yi ta tsalle. Na uku shi ne wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ranar da yaro ya manta da taransifoma kuwa na'ura ta tafi ke nan. Ga gida irin namu mai dogaro da sola, wadda ba ta cin wuta sosai ta fi mai ado.

Ya ƙara mini da gargaɗi biyu. Idan kwamfuta mutum zai yi amfani da ita, mazubin faifanta yakan yarda a sauya masa shiyya sau biyar ne kawai, daga nan ya ƙulle a kan ta ƙarshe. Haka kuma faifan Blu-ray da ya fito a 2006 rabonsa daban ne, shiyya uku: A da B da C. A wannan rabon Nijeriya da Saudiyya sun haɗu a B, amma Indiya ta koma C. Watau an ɗinke mu da Makka, an raba mu da Mumbai, kuma na'urar da ba ta da kullen DVD ba lalle ne ta buɗe Blu-ray na kowace shiyya ba.

Daga ƙarshe wata 'yar ƙarama ƙirar Sin na saya da ragowar kuɗin guzurina, wadda farashinta bai kai rabin na gwanjon ba. A gaban dattijon na gwada fayafayan nan uku ɗaya bayan ɗaya, duk ta karɓa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a wannan karon dai ta yi.

Daren da na dawo gida, fim ɗin Umar Mukhtar muka fara sawa. Muka rage murya ƙwarai don kada ta fita waje, aka toshe kafar ƙyaure da tsumma saboda haske. Baba ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa talabijin. A daren ya yi magana fiye da duk wadda ya yi cikin wata uku: ya ba mu labarin silimar da ya fara shiga a Kano, da yadda yakan ajiye mota a tasha ya tafi a ƙasa, da dukan da maigidansa ya taɓa yi masa a kan haka. Inna tana gefe tana dariya. Da aka gama na yi masa bayanin shiyyoyin kamar yadda aka yi mini. Ya saurara har na kai ƙarshe, ya ce, “Su waɗanga da sunka raba, sun taɓa zuwa nan?” Na ce ban yi tsammani ba. Ya ce, “To sa muna na Indiya.”

An maido da layukan waya kafin ƙarshen wannan shekarar, kuma a yau mafi yawan samari a waya suke kallo. Sai dai iyakar ba ta tafi ba, gida kawai ta sauya, domin manhajojin kallo na intanet su ma sukan ce wa mutum fim kaza ba na ƙasarsa ba ne.

Abin da ya rage mini a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne batun suna. Na yi asarar kuɗin waken Baba ne saboda ban san abin da zan tambaya ba, kuma ban san shi ba domin ban taɓa jin sunansa da harshena ba. Dattijon nan “mai cin kowa” ya kira ta, wani ɗan kasuwa kuma na ji ya ce “ba ta zaɓe”. Ni a nawa ɗan tunani “marar shinge” ta fi kusa da ma'ana, amma na bar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna. Na'urar dai tana nan a ɗakin Baba, an rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, kuma duk hutun da na je gida ni ne mai sa faifai. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya maido da hirar ƙofar gida, amin.