Motar Auta

A gidanmu ni ake tambaya in an zo batun mota. Shekara goma ina shirin direbobi a gidan rediyo a Damagaram, na san motocin da ake hawo da su daga Kwatano, na san wadda ke jure yashi da wadda ke tafasa tun ba a kai Tanut ba. Saboda haka da Auta ta kira daga Trois-Rivières, a jihar Kebek ta Kanada, ta ce mota take nema, sai na gyara zama.

Aikin jinya take karantawa. An tura ta koyon aiki a wani asibiti da ke da nisan kilomita 40, aikin asuba, ba bas a lokacin. Dala 6,000 ta Kanada ke hannunta, rabi guminta, rabi kuɗin filin da Inna ta sayar. Ba kuɗin da za a yi kuskure da su ba ne.

Ta turo hoto biyu. Ɗaya babbar baƙar mota mai jan ƙafa huɗu, tana sheƙi. Ɗayar Toyota Corolla ce ta 2010, fenti ya koɗe, ga wata waya na reto a hancinta.

"Auta, ɗauki babbar," na ce. "Ƙaramar ma ga wayarta a waje, an taɓa ta."

"To Yaya. Amma bari makanike ya duba tukuna."

Raina ya ɗan sosu. Kashegari ta turo bidiyo: an ɗaga babbar sama, makaniken na tsokanar ƙasanta da sukundireba, ƙarfe na zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Can gishiri ake watsa wa titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, shi ne ke cin mota ta ƙasa, har bututun birki. Ni a sama nake duba mota, domin a nan rana da ƙura ne abokan gaba.

Wayar da na raina kuwa ta ɗumama inji ce. Ana jona ta da lantarki kafin a fita, don in sanyi ya kai 25 ƙasa da sifiri man inji na yin kauri, batir ya yi rauni, mota ta ƙi tashi. Kuma mai Corollar ya haɗa da tayoyin sanyi huɗu, masu tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara. A Kebek doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da su. Robar taya ta yau da kullum kan fara sandarewa da zarar an sauko ƙasa da digiri 7. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, amma a wurin tsayawa taya ce ke magana. Da ta bi tawa, sai ta sayi tayoyi, ta ƙara kuɗin mai da na inshora, a kan motar da ta riga ta ruɓe.

Na ce mata, "Bi ta makaniken." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyin fita kamar wannan ba.

Wata ranar Janairu na fito daga labaran rana, hunturu na busawa, kowa a ofis ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Ƙarfe sha biyu a nan, shida na safe a can. Auta ta kira, muryarta na rawa.

"Yaya, saurara."

Ta murɗa makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama. Na tura wa Inna sautin. Ta saurara sau uku, sannan ta ce a gaya wa yarinyar ta riƙa tafiya a hankali.