Maruru a Cikin Ƙoƙon Kai

Bahaushe ya san maruru sarai. Akan bar shi ya nuna, sa'an nan wanzami ya sa aska ya tsaga, mugunya ta fita, mai shi ya sami barci. Amma akwai marurun da haƙuri ba ya yi masa magani, watau wanda ya fito a cikin ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya miƙewa kamar fata. Duk yadda mugunya ta ƙaru, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa.

A wajen jinyar baffana na san haka. Manomi ne mai ciwon sukari. Ya yi kusan wata guda yana fama da ciwon kai, ana ɗura masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Da hannunsa na hagu ya mutu, ya kuma fara faɗuwa yana shure-shure, sai gida ya rabu biyu, masu cewa farfaɗiya da masu cewa iska. Da yake bazara ce, a asibiti ma sanƙarau aka fara zato. Likita kuwa ya ƙi ɗiban ruwan ƙashin baya sai an ɗauki hoton kai, domin in akwai kumburi a ciki, ɗiban ruwan na iya kashe mutum.

Hoton na'urar CT, wadda aka fara gwadawa kan majiyyaci a Landan a 1971, ya nuna wani zobe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Ni aka sa tafinta ga kakata, tunda Hausa nake karantawa. Na ce, "Iya, maruru ne a ciki, za a huda a zuƙe." Ta ce, "Hagu ke ciwo, don me za a huda dama?" Tambaya ce ta mai hankali, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa da kishiyar gefen jiki yake aiki.

Hudar ba baƙon abu ba ce. Tun 1893 William Macewen na Gilasgo ya ba da rahoton mutum 19 da ya yi wa wannan aiki, 18 suka rayu, alhali ba a ma gano fenisilin ba tukuna. A ganina, abin da ya fi hudar muhimmanci shi ne mugunyar da aka kai ɗakin gwaji. Kwanaki suka shuɗe kafin ƙwayar cutar ta tsiro, ashe Nocardia ce, wadda ba kasafai ake gamuwa da ita ba. A ƙasa take zaune, a shaƙe ta da ƙura, jini ya ɗauke ta daga huhu zuwa kai, musamman ga mai raunin garkuwar jiki. Takan yi kama da ƙwayar tarin fuka, har a ruɗe.

Galibin irin wannan maruru allurar mako 6 zuwa 8 ke isar sa. Nocardia kuwa sai an shekara ana shan Septrin. Bijimi biyu aka sayar. A wata na huɗu baffa ya iya riƙe fartanya, ya ce ya warke. Daga nan Iya ta karɓe kwalbar maganin, ita ke ƙirga masa safe da yamma.