Daga Kurfi Zuwa Dutsin-Ma: Cinikin Da Babu Shaida

Matafiyin da ya baro birnin Katsina ya nufo kudu zai ratsa Kurfi, garin Maradin Katsina, kafin ya sauka Dutsin-Ma, garin Yandaka. Hanya ce da na daɗe ina bi. A da, abin da na saba gani a motocin haya shi ne buhunan hatsi, da kwandunan tumatir na masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, da awaki ɗaure a but. Yanzu an samu ƙarin wani kaya maras nauyi: ɗan ƙunshi naɗe da leda, an rubuta lambar waya a jikinsa, direba ya ajiye a gabansa. Sau da yawa waya ce ko kwamfuta, wani ya sayar wa mutumin da bai taɓa gani ba.

Dalilin wannan ba a ɓoye yake ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai. Wanda kuɗin rajista ko na haya ya gagare shi sai ya ɗauki hoton wayarsa ya sa a WhatsApp, ko Facebook, ko Jiji. Mun saba jan kunnen mai saye kada a sayar masa da jabu. Ba mu cika tunawa ba cewa a wannan kasuwar ɓarawon kan zo ne a matsayin mai saye.

Ranar kasuwa na shiga kara, na tsaya kallon cinikin wani bijimi. Mai saye ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, dillali ya shiga tsakani har aka sallama. Aka ƙirga kuɗi a gaban jama'a, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan la'ada ba kuɗin surutu ba ce. Dillalin ya san gidan mai sa, ya san mai saye, kuma idan magana ta taso gobe shi za a fara nema. Kowane ciniki a nan yana da fuska, da suna, da shaida.

Daga kara na gangara wajen masu gyaran waya da masu POS, inda labaran ɗaya kasuwar suke taruwa. Salon da suka fi ambata shi ne alat na bogi. Mai saye ba ya ko tayawa, sai ya ce ya tura kuɗi, saƙo mai kama da na banki ya shigo, ko ya turo hoton rasit da aka haɗa a waya. Kafin mai kaya ya duba asusunsa, ɗan acaɓa ya iso karɓar saƙo, ana ta azalzalarsa wai mota za ta tashi. Wani kuma zai ce ya yi kuskuren tura fiye da kuɗin, a mayar masa da rarar, alhali ko kwabo bai shigo ba.

Salo na uku ya fi muni, domin kuɗin gaske ne ke shigowa. Ɗan damfara zai kwafi hoton wayarka ya tallata wa wani a wani gari, ya ba shi lambar asusunka. Wancan ya biya, ka ga kuɗi, ka miƙa wayar ga ɗan aiken macuci. Da wanda ya biya ya ji shiru sai ya kai ƙara, kuma sunanka ne a rasit. Wayar ta tafi, ga asusu cikin rikici.

Abin da ya sa irin wannan ƙarya ke samun shiga a yankinmu yana da tarihi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Kurfi da Dutsin-Ma. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun Naira ya tilasta wa kowa, har mai ƙosai, karɓar taransifa, wadda a lokacin kan kwana ba ta iso ba. Mutanen da suka sha wannan sun koyi yi wa sabis uzuri. Don haka idan aka ce da su “matsalar sabis ce, zai shigo”, sai su yarda, domin sun sha ganin hakan da gaske. Haƙurin nan namu shi macuci ya mayar jari.

Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, amma ɗalibin da aka raba da wayarsa a kan lambar da aka riga aka kashe, wa zai nuna? Kariyarsa tana hannunsa tun kafin kaya su bar shi. Saƙo ba kuɗi ba ne. Ya buɗe asusunsa da kansa ya gani, gani ya kori ji. Sunan wanda ya turo kuɗi ya dace da na wanda ke karɓar kaya. Ya cire layinsa, ya goge wayar tas. Mafi muhimmanci, a haɗu da rana a shagon mai gyaran da aka sani, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa ya zama shaida, kamar dai dillalin kara.

Magabata sun hana cinikin biri a sama don kare mai saye. Yau kuɗin ne a sama, mai kaya ne a ƙasa yana ɗaga kai. Duk mai sayen da ya ƙi jira kuɗinsa su sauko, a bar shi ya kama gabansa.