Wanda ya ba da zana, a nuna masa lissafi

A ƙauyukan Hamdara, cikin gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ranar da gwamnati ta tsayar ta komawa lakwal daban take da ranar da yara ke zama aji. Takarda ta ce farkon watan Oktoba. Amma a lokacin ajin da za a zauna cikinsa yana tsaye a gona tukuna, domin da karan hatsi ake gina shi, kara kuwa ba ya samuwa sai an yi girbi an kai amfani rumbu. Sai kaka ta yi nisa uwaye ke fitowa, wannan da damin kara, wancan da zana, wani da dirka ko igiya, a kafa rumfa, a jingina allo, sa'annan mushe ya fara koyarwa. Kowace shekara haka ake yi, kowace damina kuma ruwa da gara su cinye aikin.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan akwai wani ɗan kasuwa, mai sayen hatsi da wake da gyaɗa da tiya, yana sayarwa da buhu. Bai yi lakwal ba. Allo ya yi, da ajami yake rubutu, lissafi kuwa ba a ja da shi. Ranar da aka taru zaɓen kwamitin kula da lakwal, kowa ya shiga bayan zana ya jefa ƙuri'arsa a asirce, da aka ƙirga sai ga shi an ba shi ma'aji. Ya nemi a ɗauke masa, dattawa suka ce: «Alhaji, wanda bai taɓa tauye mana tiya ba, ba zai tauye ma ɗiyanmu alli ba.» Aka miƙa masa kaye guda da ƴar akwatin ƙarfe, ya koma gida yana jin nauyin da bai taɓa ji ba ko ranar da ya ɗauko bashin buhu 100.

Yana da kyau mai karatu ya tuna yadda aka yi akwatin nan ta faɗo hannun talaka. Tun da kasuwar yuraniyom ta faɗi cikin shekarun 1980 aljihun gwamnati ya fara yoyo. Cikin shekarun 1990 ma'aikata suka riƙa bin albashin watanni, yajin aiki na bin yajin aiki, ran 12 ga Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. A cikin wannan hali aka yi dokar ilimi mai lamba 98-12 ta ran 1 ga Yunin 1998, wadda ta raba nauyin lakwal tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da uwaye. Daga baya aka ƙago kwamitin da aka fi sani da COGES, mai haɗa wakilan uwaye maza da mata, da darektan lakwal, da wakilin malamai. Wani shiri na ƙasar Japan da ya fara a jihar Tawa a 2004, sa'annan ya iso Damagaram, shi ya yaɗa zaɓen asiri da tsara aikin shekara gaban taron gari. A 2005 aka ce kowace lakwal ta yi nata kwamiti, a 2012 aka sauya masa suna zuwa CGDES. A takarda an ce lakwal ta koma hannun masu ita. A ƙauye abin da aka fara gani shi ne karo-karo.

Alhaji ya riƙe kayensa yadda yake riƙe na kasuwa. Gidan da ya ba da dala 100 ya rubuta, wanda ya ba da tiya biyu ta hatsi ya rubuta, wanda ya ce sai ɗansa ya aiko daga Kano ya rubuta. Da shekara ta kewayo aka yi shela, gari ya taru gindin gawo, ya miƙe ya karanta: ga abin da ya shigo, ga na zana, ga na alli, ga na randa biyu da moɗa, ga na gyaran allo, ga abin da ya rage, a zo a ƙirga. Aka ƙirga, ko dala ba ta ɓace ba. Ana cikin sa masa albarka sai wata tsohuwa, shugabar uwaye mata, ta gyara mayafinta ta ce: «Alhaji, mun ji namu, Allah ya saka maka. To, na gwamnati fa? Me ta aiko bana, nawa ne, wa ya karɓa?» Wuri ya yi tsit. Ya dubi darekta, darekta ya dubi ƙasa. Sai ya ce: «Inna, wannan ba ya cikin kayena.» Ta ce: «To, rabin lissafi ka karanta mana.»

Maganar nan ta hana shi barci, domin ya san gaskiya ce. A kasuwa, in abokin ciniki ya aiko da kaya, direba na zuwa da takarda mai faɗin yawan buhu, a sauke a ƙirga, in ɗaya ya ɓace a san tsakanin wane da wane ya ɓace. Washegari ya tambayi darekta. Darekta, yaro ne mai ladabi, ya ce: «Baba, abin da aka ba ni shi nake sa ma hannu. Abin da aka ware mana tun daga Yamai, ni ma ban taɓa ganin takardarsa ba.» Alhaji ya hau mota ya shiga birni, ya shiga ofisoshi uku. Ba wanda ya wulaƙanta shi. An ba shi kujera, an ba shi ruwa. Amma a na farko an ce gini yana hannun ƙaramar hukuma, a na biyu an ce littattafai daga ma'aikata suke, a na uku an ce wancan kuɗin na masu ba da agaji ne, su ke da lissafinsa. Kowa yana riƙe da shafi guda, ba wanda ke riƙe da littafin.

Abin yana da tushe. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yulin 2004, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa musu wani sashe na ikon ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Sai dai miƙa aiki ya fi miƙa kuɗinsa sauƙi, ƙaramar hukumar ƙauye kuwa da harajin kai da na kasuwa take numfashi. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa kantomomi. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, a wurin uba ɗaya ne abin da ya sauya: kansilan da yake iya tarewa a ƙofar masallaci ya yi masa tambaya, ranar nan ya sauka.

Wasu za su ce maganin abin a ba kwamiti kuɗin a hannu. An gwada, a nan cikin jihar ma. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki lakwal 1.000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 tallafi, wanda bai cika jika guda kan kowane yaro ba, aka bar sauran 500 don a gwada bambanci. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun wallafa sakamakon a 2017. Inda aka ba da kuɗin uwaye sun ƙara himma, kayan aiki sun ƙaru, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙaru. Amma fashin malamai ya ƙaru shi ma, makin jarrabawa kuma bai motsa ba. Uwaye sun so, iko ne babu. Wanda ba shi ya ɗauki mushe ba, ba shi ke biyansa ba, bai iya karanta abin da ke kan allo ba, da wane baki zai ce masa ya makara? Shi ma mushen, in ɗan kwantaragi ne da ke bin haƙƙinsa har birni kowane ƙarshen wata, yana da nasa kukan, shi ma ba a nuna masa lissafi.

Duhun nan yana da farashi. A shekarun 2016 da 2017 ƙasa ta ɗauka da zancen malaman kwantaragi na bogi sama da 2.000 da hukumar yaƙi da cin hanci, HALCIA, ta bankaɗo: suna a takardar biya, aji ba kowa. Sai da aka tashi masu bincike daga Yamai kafin a gano abin da kowace tsohuwa a ƙauye za ta faɗa kyauta, da an karanta mata sunayen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani farashin kuwa na rai ne. Ran 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa yara 25 ko fiye. A lokacin hukuma da kanta ta ce azuzuwan zana 36.000 ne a ƙasar. Alhaji ya ji labarin a rediyo yana zaune bakin rumfarsa, ƴar autarsa kuwa na aji na fari, cikin zanar da shi ya biya kuɗinta, shi ya rubuta a kaye. Tun ranar, in an ce masa an ware kuɗin gina aji, ba ya jin maganar a matsayin zancen siminti.

Ba za a ɗora laifin duka a kan ofis ba, Alhaji ma bai ɗora ba. Ya ga taron gari da aka yi shelarsa kwana uku, mutum 10 suka zo. Ya ga uban da ke kukan fashin mushe, alhali ɗansa na gona ranar Talata, ƴarsa na talla ranar Laraba. Ya ji labarin garuruwan da kwamiti ya zama gadon gidan maigari, ba zaɓe ba lissafi. Shi kansa an jarraba shi. Wani ƙanensa ya same shi da dare ana saura mako guda sunan ɗansa, ya ce: «Yaya, ara mini daga akwatin lakwal, in na sayar da tunkiya in mayar, ba wanda zai sani.» Ya san zai mayar. Ya san kuma in ya buɗe sau ɗaya, bakinsa ya mutu a gindin gawo. Ya ba shi daga aljihunsa rabin abin da ya nema, suka yi wata guda ba sa gaisawa da daɗi. Wanda zai tambayi na sama lissafi, sai nasa ya fara fita fes.

Abin da yake nema bai kai a kira taron ƙasa a kansa ba, an kuma taɓa yin sa a wata ƙasa. A Yuganda bincike ya nuna cewa daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin 100 kawai na kuɗin da gwamnati ke aika ma makarantu kan kowane ɗalibi ke isa gare su. Gwamnati ta shiga buga abin da ta aika ma kowace gunduma a jaridu, ta sa makarantu su liƙa nasu a bango. A 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Wasu gyare-gyaren sun taimaka, amma babban sauyin shi ne uba ya san adadin da zai tambaya.

Takarda uku suka ishi ƙauyen Alhaji. Ta ɗaya, sunayen malaman da ake biya da sunan lakwal ɗin. Ta biyu, yawan littattafai da kaye da alli da teburan da aka ware mata, da ranar da suka baro ma'ajiya. Ta uku, duk kuɗin gini ko na gyara, da sunan ɗan kwangila, da ranar gamawa. A liƙa su a ƙofar aji da boko da ajami, a karanta su gaban taron gari. Tun watan Maris na 2025 kundin da aka ɗora mulkin ƙasa a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Babu hujjar da ta rage ta a ɓoye lissafin alli cikin Faransanci. Ƴan kasuwa sun san ba a karɓar kaya ba ƙirge. Ma'aikata kuma sun san takardar shaidar karɓa ita ke wanke mai gaskiya ranar bincike. Sufeto da darekta masu amana su ne za su fara cin ribar bangon nan, domin yau zargin da ya dace da mutum ɗaya kan kowa yake sauka.

Bana, da aka gama kafa rumfa, Alhaji ya sayi sabon kaye ya raba shi biyu. A shafin dama ya rubuta «abin da gari ya bayar», ya cika shi da sunaye har ƙasa. A na hagu ya rubuta «abin da ya zo daga sama», ya ja layi uku ya bar su fari. Ya ce ranar taro zai ɗaga shafin kowa ya gani, ya roƙi darekta ya aika da shi gaba, baɗi ma haka, har ranar da za a cika masa. Tsohuwar nan ta ce za ta zo da wuri ta zauna gaba. Allah ya ba masu riƙe da sauran shafukan ikon buɗe su.