Lugude Tsakanin Injina Biyu

Mu huɗu ne muka tara kuɗin dakon buhuna a kasuwar Dawanau, muka shiga Sabon Gari muka sayo fiyano na hannu da wani tsohon injin ganga mai maɓallin murɗawa. Aikinmu babba na farko shi ne bikin ƙanwar ɗayanmu a Dawakin Tofa, kuma dangin ango sun cika tsakar gida.

Mun saita fiyano a bugu 120 cikin minti, muka murɗa injin ganga zuwa daidai wurin. Mutum biyu suka danna tare. Da farko kiɗa ya yi daɗi, 'yan mata suka cika fili. Can sai rawa ta fara harɗewa, wata na bin ganga, wata na bin fiyano. Gwaggo ta leƙo daga rumfa ta ce, "Kai yaran nan, kiɗan naku kishiyoyi ne?" Gida ya ɗauki dariya. Muka ɗora wa janareta laifi, muka kashe muka sake kunnawa, abin ya maimaita. Ƙarshe sai da aka aika aka kira Baba mai kalangu, mu kuwa muka naɗe wayoyinmu cikin kunya.

Wani mai haɗa kiɗa a Zoo Road ne ya warware mana daga baya. Kowane inji yana da agogonsa a ciki. Idan ɗaya na tafiya a 120, ɗayan kuma a 120 da rabi, kunne ba zai kama ba da farko, amma cikin minti biyu an bar juna da bugu guda cur. Ya nuna mana wata waya mai tsinke biyar a baki, ana kiranta MIDI. Tsari ne da ya fito a 1983, kuma Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Japan suna cikin waɗanda suka assasa shi. Ta wannan waya inji ɗaya ke aika sigina 24 a kowane bugu, wato 48 a daƙiƙa idan ana kan 120, har da umarnin farawa da na tsayawa. Sharaɗin ɗaya ne: dole na biyun ya ajiye nasa agogon ya bi na farko.

A nan rigima ta koma tsakaninmu. Mai fiyano ya ce nasa ya fi tsada, shi zai ja gaba. Mai ganga ya ce ba a taɓa rawa da waƙa a gaba ba. Mako biyu ba ma gaisawa sosai, har aka fara zancen sayar da kaya a raba kuɗi.

Wata safiya muna zaune a zaure, iyayenmu mata na dakan gero a ciki. Taɓarya uku, turmi ɗaya, babu wadda ta bugi ta wata. Tun muna goye muke jin lugude, amma ran nan muka saurara da kyau. Inna ce ke riƙe da bugun, sauran biyun suna faɗawa cikin giɓin da ta bari. Da ta gaji ta sassauta, suka sassauta tare, ba wadda ta ce uffan. Mai fiyano ya tashi ya ɗauko wayar, ya soka a ramin shiga na kayansa da hannunsa.

Tun daga nan ganga ke ja, fiyano na bi, ba su sake rabuwa ba. Sai dai akwai abin da wayar ba ta ɗauke mana ba. Ran bikin mun lura Baba mai kalangu ba ya kallon gangarsa, ƙafafun masu rawa yake kallo. Tsofaffi na shigowa sai ya rage gudu. Shi ya sa yanzu duk inda aka kira mu, ɗayanmu ba shi da aiki sai tsayawa da yatsa a kan maɓalli, idonsa a ƙasa. A sunan da aka yi bayan girbi, Gwaggo ta shiga fili, muka sauko mata zuwa 104, ta taka har mayafinta ya zame.